Amanar Filin Wasa: Ladabi da Haɗin Kai a Wasan Manya na Gure

Tambayar da wannan bayani yake son warwarewa ita ce ko haƙƙoƙin da addini da al'ada suka ɗora wa mutum game da ɗan'uwansa suna bin sa har cikin filin wasa, ko kuwa suna tsayawa a bakin fili su jira fitowarsa. Dalilin tayar da ita shi ne wata magana da ta zauna a bakin mutane, wato “ai wasa ne”, wadda ake kawowa domin wanke wanda ya kwashe wa wani ƙafa da gangan, ko ya musanta abin da idonsa ya gani, ko ya gaya wa sa'an yayansa maganar da ba zai iya gaya masa a zaure ba. Idan wannan magana ta tabbata hujja, to filin wasa ya zama wani yanki da aka ɗauke wa alƙalami. Idan kuwa ba ta tabbata ba, to wajibi ne a bayyana abin da wasa yake sassautawa da abin da ba ya taɓawa ko kaɗan.

Abin da ake nufi da wasan manya a nan shi ne wasan da magidanta da samarin da suka mallaki hankalinsu suke yi domin nishaɗi da motsa jiki, ba tare da albashi ko kofi ko 'yan kallo masu biyan kuɗin ƙofa ba. Garin Gure, wanda yake gabas da Damagaram da nisan fiye da kilomita 150 a kan babbar hanyar da ta nufi Diffa, wuri ne da ya dace a duba wannan al'amari a cikinsa, domin tun zamanin da yake babban birnin ƙasar Muniyo, inda matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya yada zango a ƙarshen shekarar 1852, ƙasarsa mahaɗa ce ta al'ummomi dabam-dabam, kuma har yau Mangawa da Hausawa da Fulani da Tubawa da Buzaye kasuwa ɗaya suke ci. Wannan cakuɗuwa takan bayyana a filin ƙwallo bayan sallar la'asar, lokacin da zafin rana ya fara sauka: malamin makaranta da soja da tela da ɗan kabu-kabu sukan rabu gida biyu, a ajiye duwatsu ko takalma a matsayin raga, a buga cikin yashi mai zurfi da yake tsayar da ƙwallo kafin ta kai inda aka aika ta, wanda ya bi ta gefen fili kuma ya dawo yana cire ƙarangiya daga ƙafarsa. Galibi babu alƙalin wasa, babu usur, babu layin da aka shata, saboda haka duk abin da zai hana wasan watsewa yana cikin zukatan masu yin sa.

Matsayin wasa a addini

Kafin a yi maganar ladabin wasa ya kamata a tabbatar da halaccinsa, domin akwai masu ganin cewa gudu a bayan ƙwallo zubar da girma ne ga magidanci. Abin da aka ruwaito daga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai goyi bayan wannan ra'ayi ba: ya yi tseren ƙafa da Nana A'isha, ya yi kokowa da Rukana wanda ya shahara da ƙarfi a cikin Ƙuraishawa, ya kuma bar Habashawa suna wasa da masu a cikin masallacinsa a ranar idi. Lokacin da sahabi Hanzala ya ji tsoron munafunci saboda zuciyarsa takan shagala da iyali da dukiya idan ya bar majalisin wa'azi, an kwantar masa da hankali da cewa kowane hali yana da nasa lokaci. A kan wannan tushe ne Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a 996, ya halatta tseren dawaki da raƙuma da gasar harbin kibiya a babin ƙarshe na Risala, littafin da almajiran ƙasar Hausa da Barno suke karantawa a zaurukan malamai, shi kuma Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a 1350, ya ware littafi guda mai suna Alfurusiyya domin hukunce-hukuncen gasa. Abin lura shi ne, malaman da suka halatta wasa su ne kuma suka zauna suka rubuta masa sharuɗɗa, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa ba su ɗauke shi a matsayin wurin da shari'a ta sallama ba.

Ƙa'ida a matsayin alkawari

Wasan langa, wanda yaran ƙasar Hausa da na Manga suka tashi da shi a dandali, ya fi kowane wasa fito da asalin ƙa'ida a fili. Kowane ɗan wasa yakan lanƙwashe ƙafa ɗaya zuwa baya ya riƙe ta da hannu, ya dinga tsalle a kan ɗayar, yana ture abokin karawarsa, kuma duk wanda ya faɗi ko ya saki ƙafarsa ya mutu, wato ya fita daga zagayen. Babu wanda ya ɗaure masa wannan ƙafa, kuma da ya sauke ta da ya fi kowa sauri, amma a daidai lokacin da ya sauke ta ya daina yin langa, ko da kuwa ya riga kowa isa wurin da ake nufi. Masanin falsafa Bernard Suits ya gina bayaninsa na 1978 a kan wannan ma'ana, inda ya nuna cewa mai wasa mutum ne da ya yarda da kansa ya ɗauki wahalar da ba ta zama dole ba, domin wannan wahala ce take samar da wasan. Da harshen fiƙihu kuwa, ƙa'idar wasa sharaɗi ce da mutane suka ƙulla a tsakaninsu da yardarsu, kuma sananne ne cewa musulmi yana kan sharaɗin da ya ɗauka matuƙar bai halatta haram ba. Wanda ya tare ƙwallo da hannu ya ɓoye ya warware alkawarin da ya shiga da ƙafarsa, kuma ƙanƙantar abin da aka yi alkawarin a kansa ba ta canza sunan aikin.

Rashin alƙali shi ne yake mayar da wannan alkawari jarrabawa. Ƙwallon ƙafa da kanta haka ta fara: bayan an rubuta dokokinta a Landan a 1863, shugabannin ɓangarorin biyu da wakilansu ne suke sasanta saɓani, kuma sai a 1891 aka shigar da alƙali cikin fili da cikakken iko. A filin da ragarsa duwatsu biyu ne, ba ta da sandar sama, idan aka buga ƙwallo ta wuce kan mai tsaron gida, nan take wani ɓangare zai ce “ta shiga”, ɗayan ya ce “sama ta bi”, kuma wanda ya fi kowa sanin gaskiya shi ne mai tsaron gidan, wanda kuma shi ne gaskiyar za ta fi yi wa ciwo. A nan ne abin da malaman tarbiyya suke kira muraƙaba, wato kiyaye cewa Allah yana ganin bawa a inda babu mai ganin sa, yake samun wurin aiki na yau da kullum. Mai tsaron gidan da ya ce ta shiga alhali yana iya musantawa ya horar da harshensa a kan shaidar da take cutar da shi, kuma wannan harshen ne zai je da shi kasuwa gobe, ko gaban mai unguwa ranar da aka kira shi shaida a kan iyakar gona.

Jikin abokin karawa

Haƙƙi mafi nauyi a filin wasa shi ne na jiki, domin duk wanda ya shigo ya miƙa ƙafafunsa da haƙarƙarinsa ga mutanen da za su yi gudu su yi karo da shi, bisa zaton cewa ƙwallo suke nema. Alƙur'ani ya kawo misalin cin irin wannan amana a cikin Suratu Yusuf, inda 'yan'uwan Annabi Yusuf suka nemi mahaifinsu ya bar shi ya bi su domin ya yi wasa, suka kuma dawo da dare suna kafa hujja da cewa sun tafi tsere. Mahaifin nasu, Annabi Yaƙub, bai soki wasan ba, abin da ya ji wa tsoro shi ne sakaci, su kuwa suka mayar da wasan mayafin ƙiyayyar da suka daɗe suna ɓoyewa. Duk wanda ya shigo fili da wata jiƙaƙƙiya ta kasuwa ko ta siyasa, ya jira lokacin da zai rama ta da ƙafa domin ya san za a ce tsautsayi ne, ya bi sawun waɗancan 'yan'uwa gwargwadon girman laifinsa. Ƙa'idar da Imam Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa ta hana cuta da ramuwar cuta ba ta keɓe filin ƙwallo ba, kuma yardar da mutum ya bayar ta shiga wasa ta tsaya ne a kan karon da wasan ya ƙunsa bisa al'ada.

Wannan haƙƙi ya fi tsanani a wasan manya fiye da na ƙwararru, domin ɗan wasan da ake biya yana da likita da kwantiragi a bayansa, shi kuwa telan da aka karya wa ƙafa ya daina taka keke, ɗan kabu-kabu ya jingine babur, kuma tukunyar gidansu ce za ta fara jin raunin. Mutanen ƙasashen sanyi sun isa ga wannan fahimta ta hanyarsu. A Kanada, inda aka buga wasan farko mai tsari na ƙwallon gora ta kan ƙanƙara a birnin Montreal a 1875, bangazar abokin karawa da jiki halas ce ga ƙwararru, amma yawancin gasannin nishaɗi na manya sun hana ta, saboda kowa yana da aikin da zai tafi da safe. Haka kuma a wannan wasa ana musanya 'yan wasa bayan minti ɗaya ko biyu, kuma wanda ya daɗe a kan ƙanƙara ya ƙi fitowa ana ganin ya ci rabon abokansa, sannan bayan an tashi ɓangarorin biyu sukan jeru su gaisa. Yanayinsu da na Gure sun yi hannun riga, amma dalilin ɗaya ne, wato manyan da suke wasa domin nishaɗi suna buƙatar junansu da lafiya fiye da yadda suke buƙatar nasara.

Abin da yake kai ƙafa ga ƙeta a mafi yawan lokuta shi ne fushi, kuma hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito a kansa da kokowa ya buga misali, inda ya bayyana cewa ƙarfi na gaskiya yana ga wanda ya mallaki kansa lokacin fushi, sama da wanda yake kayar da maza. Mutanen Nijar sun san nauyin wannan misali, domin kokowa ita ce babban wasan ƙasa tun da aka fara gasar takobi a Tawa a 1975, wadda Kantu na Maraɗi ya lashe, kuma filin kokowar Damagaram sunan ɗan kokowa Langa-Langa yake ɗauke da shi. Ko a can, inda ake karawa domin takobi da dukiya a gaban dubban mutane, abin da ake yaba wa gwani shi ne ya miƙa hannu ya tayar da wanda ya kayar. Magidancin da babu abin da zai samu ko ya rasa sai gumi ya fi cancanta da wannan hali.

Haƙƙin abokin tafiya

Haɗin kai kuwa, langa ta sake bayar da darasinsa. A cikin nau'inta da ya fi shahara, kowane ɓangare yana da mutum ɗaya da ake kira ruwa, wanda idan ya isa wurin da aka shata sai a ce ya sha, nasara kuma ta zama ta ɓangaren duka. Sauran kuwa aikinsu shi ne su kare shi, su buɗe masa hanya, kuma da yawansu sukan faɗi kafin ya isa. Wanda ya faɗi yana tare hanya yana da rabo a nasarar daidai da wanda ya sha, ko da yake ba sunansa za a kira ba. A ƙwallo ma haka abin yake, sai dai son a sani yakan rufe ido: gwanin da ya riƙe ƙwallo shi kaɗai yana yanke mutum uku, alhali abokinsa yana tsaye a buɗe yana ɗaga hannu, ya mayar da mutum goma 'yan kallonsa. Malamai suna kiran wannan ciwo riya idan ya shiga ibada, wato yin aiki domin idon mutane, da ujubu, wato ruɗuwa da kai, kuma tushensa ɗaya ne a masallaci da a fili.

A wasan nishaɗi akwai wani haƙƙi na musamman, wato haƙƙin mai rauni: dattijon da numfashinsa ya gajarta, da baƙon ma'aikaci da aka turo garin bai san kowa ba, da wanda bai taɓa iya wasan ba amma yana son sa. Idan aka hana irin waɗannan ƙwallo domin tsoron za su ɓatar da ita, ɓangaren yana iya cin wasan yau, amma gobe ba za su dawo ba, kuma filin da ake raguwa a cikinsa kullum ƙarshensa watsewa. An ruwaito cewa Annabi (SAW) ya wuce wasu mutanen ƙabilar Aslam suna gasar harbi, ya ƙarfafa su, ya kuma ce yana tare da ɓangare ɗaya, sai ɗaya ɓangaren suka tsayar da harbi domin ba za su iya karawa da ɓangaren da yake ciki ba, shi kuwa sai ya umarce su da su ci gaba, ya sanar da su cewa yana tare da su gaba ɗaya. Abin da ya kiyaye a nan shi ne ci gaban gasar da zukatan ɓangarorin biyu. Daga wannan ake fahimtar cewa raba ɓangarori da adalci, yadda gwanaye ba za su taru a gefe ɗaya ba, da fita domin wanda yake jira a bakin fili ya samu shiga, suna cikin taimakekeniya a kan alheri da Suratul Ma'ida ta yi umarni da ita. Masanin tarihi Johan Huizinga ya lura a 1938 cewa jama'a sun fi saurin yafe wa mai maguɗi fiye da mai ɓata wasa, kuma kowa ya san mai ƙwallon da yakan ɗauke abarsa ya tafi gida idan aka ci ɓangarensa; laifinsa ya fi girma domin ya rushe abin da ya tara kowa.

Wata suka da amsarta

Mai suka yana iya cewa idan aka cika wa wasa ladabi har haka, to za a kashe shi, domin daɗin karawa yana cikin zafinta, kuma a al'ummar da ƙarami ba ya haɗa ido da babba, ladabi zai sa saurayi ya kauce wa shugabansa na aiki ko surukinsa ya bar shi ya wuce da ƙwallo. Wannan suka tana da ƙarfi, kuma amsarta ita ce sassauci irin wannan ba ya cikin ladabin wasa, domin yaudara ce da aka yi wa ado. Annabi (SAW) yana da taguwa mai suna Al'adba'u wadda ba a taɓa tsere mata ba, sai wani baƙauye ya zo a kan matashin raƙuminsa ya wuce ta. Abin ya yi wa sahabbai nauyi, shi kuwa ya karɓi sakamakon, ya kuma mayar da shi darasi a kan cewa babu abin duniya da zai ɗaukaka face Allah ya saukar da shi wata rana. Bai zargi baƙauyen da rashin kunya ba. Haka nan a tserensa da Nana A'isha, ta wuce shi a karon farko, shi kuma ya wuce ta bayan shekaru, kuma kowannensu gudun gaske ya yi. Saboda haka abin da wasa yake ɗagewa na ɗan lokaci shi ne fifikon muƙami da shekaru a kan sakamako, yadda ɗalibi zai iya ƙwace ƙwallo daga malaminsa ba tare da laifi ba. Abin da ba ya ɗagewa shi ne mutuncin malamin da lafiyar jikinsa. Ƙarami ya yi iyakar ƙoƙarinsa ba tare da izgili ba, babba kuma ya karɓi kaye ba tare da riƙo ba, kowannensu ya biya haƙƙin ɗayan.

Harshe ma yana da irin wannan iyaka. Barkwancin taubasantaka, wanda yake tsakanin Barebari da Fulani da sauran al'ummomi, kuma hukumar UNESCO ta sanya na Nijar cikin gadon al'adun duniya a 2014, yana ba filin wasa gishiri, domin Bamange yana iya tsokanar Bafillace a kan ƙwallon da ya ɓarar su yi dariya tare. Amma wannan al'ada tana da sharaɗin da ya riƙe ta tsawon zamani, wato kada ta kai ga zubar da jini ko riƙo a zuci, kuma Suratul Hujurati ta hana izgili da jifa da munanan laƙabobi. Ma'aunin da ya raba su shi ne halin wanda aka tsokana: idan yana cikin masu dariya to barkwanci ne, idan kuwa shi kaɗai ya yi shiru to an ci mutuncinsa, ko da mai maganar ya rantse cewa wasa yake yi. Sauran iyakokin sanannu ne ga kowa, wato a tashi idan an kira magariba ko da an yi kunnen doki, kada a sa kuɗi tsakanin ɓangarori yadda zai koma caca, kuma kada fili ya cinye lokacin iyali.

Lokacin da Anthony Kirk-Greene ya tattara siffofin mutumin kirki a wurin Hausawa a 1974, ya lissafa gaskiya da amana da karamci da haƙuri da hankali da kunya da ladabi da mutunci da hikima da adalci, kuma babu ɗaya daga cikinsu da wasan yamma ɗaya ba ya nema daga mai yin sa. Amsar tambayar da aka ɗora wannan bayani a kanta ke nan: haƙƙoƙi suna shiga fili tare da mai su, kuma a can ne ake saurin gane wanda suka zauna a jikinsa, domin gajiya da zafin karawa ba sa barin mutum ya yi shiri kafin ya nuna halinsa. Saboda haka ya kamata limamai da malamai da shugabannin fada-fadar samari su ɗauki filin wasa a matsayin wurin tarbiyya, su koyar da ladubbansa kamar yadda ake koyar da ladubban ciniki da na maƙwabtaka, kuma manyan da suke wasa su san cewa yaran da suke zaune a gefen fili suna jiran a ba su ƙwallo suna koyon yadda ake faɗin gaskiya, da yadda ake cin nasara, da yadda ake karɓar kaye, daga abin da suke gani iyayensu da yayyensu suna yi.